Taurari Bakwai na Arewa: Ku Bar Shafin Yara, Amma Ku Gyara Shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da dukan waɗanda kuke fitar da wannan jarida tare. Dalilin wasiƙar nan shi ne shafin yaran da kuka buga kwanakin baya, mai hoton taurari bakwai na arewa da tatsuniyar Girkawa a kansu, da kuma wasiƙar da wani ɗan'uwa ya aiko daga baya yana neman ku daina, domin a ganinsa cusa wa 'ya'yan Musulmi labarin gumaka ne, kuma hanya ce ta kai su ga duba. Ni tsohon malamin labarin ƙasa ne, na yi ritaya, ina zaune a Daura. Ra'ayina shi ne kada ku soke shafin. Amma ku gyara shi, don akwai kuskure a ciki wanda ya fi tsaya mini a rai fiye da abin da ya dami ɗan'uwan namu. Shi ma zan zo kan maganarsa, don ba ta banza ba ce.

An gaya wa yara cewa waɗannan taurari ba sa faɗuwa, duk daren da mutum ya ɗaga kai a cikin shekara zai same su. Wannan gaskiya ne a Landan. A Daura ko Kano ko Damagaram ba haka abin yake ba. Yaron da ya karanta shafinku, ya fita bayan sallar isha'i a watan Oktoba ko Nuwamba ya fuskanci arewa, ko ɗaya daga cikin bakwai ɗin ba zai gani ba, saboda a wannan lokacin duk sun faɗi. Daga nan sai ya ɗauki ɗaya cikin biyu: ko dai shi ne bai iya dubawa ba, ko kuma abin da ake rubutawa a takarda dabam, abin da ke faruwa a duniya dabam. Na biyun nan shi ne ciwon da ya fi wahalar da ni a aji. Ɗalibi zai kawo maka watannin da dusar ƙanƙara ke sauka a Turai ba gargada, amma ka tambaye shi ta wace kusurwa hadari ke taso wa garinsu, sai ya sunkuyar da kai.

Ga yadda suke a sararinmu. Bakwai ne, masu haske, sun yi siffar ludayi: huɗu sun zama kan ludayin, uku sun zama mariƙinsa, mai ɗan lanƙwasa a tsakiya. A watan Fabrairu, bayan isha'i, za ka gan su suna tasowa daga arewa maso gabas, mariƙin yana ƙasa. A Afrilu da Mayu, wajen ƙarfe tara na dare, sun hau sama sosai a arewa, ludayin a kife. A Yuli da Agusta suna gangarawa arewa maso yamma, in hadari ya bari an gani. Daga nan sai su ɓace wa mai duba da farkon dare, amma mai fita sallar asuba a Disamba da Janairu zai same su a can sama suna jiransa. Kowane tauraro yana riga fitowarsa ta jiya da kimanin minti 4, abin da ya kai awa 2 a wata guda. Wannan lissafi kaɗai ya isa yaro ya san inda zai neme su a kowane wata.

Yanzu tatsuniyar. Girkawan dā sun haɗa waɗannan bakwai da wasu taurari marasa haske da ke kewaye da su, suka ce siffar wata ƙatuwar dabbar dawa ce mai gashi, wadda ake kira beyar, Larabawa su ce dubbu. Babu ita a ƙasarmu. Suka ce asali mace ce, sunanta Kalisto, 'yar sarkin Arkadiya, tana cikin 'yan matan da ke bin Atemis, gunkiyarsu ta farauta, waɗanda suka yi alkawarin ba za su san namiji ba. Ziyus, babban abin bautarsu, ya yaudare ta, ta haifi ɗa namiji aka sa masa Arkas. Matar Ziyus, Hira, kishi ya ci ta, ta mayar da Kalisto dabba, ta shiga dawa tana gudun karnukan da a dā ita ke farauta da su. Arkas ya girma ya zama maharbi. Wata rana ya yi kiciɓis da uwarsa a dawa. Ita ta gane shi, ta nufo shi. Shi bai gane ta ba, ya ɗaga mashi. Kafin ya sake shi sai Ziyus ya ɗauke su duka biyun ya kafa su a sama. Ruwayoyin sun saɓa a kan ɗan: wasu sun ce shi ne ƙaramin rukunin da tauraron arewa ke ciki, wasu sun ce shi ne makiyayin da ke biye da dabbar, wanda babban tauraronsa mai ja-ja za ka samu in ka bi lanƙwasar mariƙin ludayin ka zarce. Larabawa suna kiran wannan tauraro Simaku.

Ni a wurina labari ne mai ɗaci. An zalunci mace, sannan aka hukunta ta a kan zaluncin da aka yi mata, wanda ya yi laifin kuma ba abin da ya same shi. Ba na ganin laifi a gaya wa yaro haka ƙarara idan an ba shi labarin.

Amma ƙarshensa ne ya shafi kuskurenku. Da Hira ta ga kishiyarta ta zama taurari, abin ya ƙara ƙona mata rai, ta je wurin gumakan teku ta roƙe su kada su taɓa barin wannan dabba ta shiga ruwansu ta yi wanka. Girkawa mutanen teku ne, a idonsu duk tauraron da ya faɗi cikin teku ya nutse. Sun lura sauran taurari suna fitowa suna faɗuwa, waɗannan kuwa kewayawa kawai suke yi ba sa taɓa ruwa, shi ne suka nema wa abin dalili. Tun a waƙoƙin Homa, mawaƙinsu da ake ƙiyasta ya rayu wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, akwai wannan magana ta cewa dabbar ba ta wanka a teku, kuma a ciki an umarci wani matuƙin jirgi ya riƙa barin ta a hannun hagunsa yana tafiya. Wato tun a lokacin, tatsuniyar a bakin matuƙa take, mutanen da ransu ya dogara da sanin inda arewa take.

Ainihin dalilin kuwa lissafi ne da ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai gane. Duniya tana juyawa, kuma kan sandar da take juyawa a kanta yana nuna kusa da wani tauraro guda, wanda muke kira tauraron arewa. Shi ya sa shi ba ya motsi a idonmu, sauran kuma suke kewaya shi. Tsawonsa daga inda sama ta haɗu da ƙasa daidai yake da nisan garinka daga layin da ya raba duniya biyu. A Landan digiri 51 ne da rabi. A Atina, babban birnin Girka, 38. A Agadas 17. A Daura 13, a Kano 12, a Legas 6 da rabi. Duk tauraron da nisansa daga tauraron arewa bai kai wannan tsawo ba, zai kewaya ya dawo bai faɗi ba. To mafi kusa a cikin bakwai ɗin yana nesa da shi da kimanin digiri 28, mafi nisa kuma kimanin 41. Ka ga a Landan duk sun tsira. A wurinmu kuwa duk suna faɗuwa, kowanne ya yi tsakanin awa 8 da rabi zuwa 10 ba ya sama a kowace rana. Ko a Atina ta yau, na ƙarshen mariƙin, wanda Girkawa suka ɗauka wutsiyar dabbar, yana ɗan nutsewa. A zamanin Homa ba ya yi, saboda sandar duniya tana karkata a hankali, tana cika zagaye ɗaya a kimanin shekara 26,000, kuma a wancan lokacin ta fi kusa da waɗannan taurari. Saboda haka tatsuniyar tana da ƙasarta, tana da zamaninta. In aka ɗauko ta aka ba yaron Katsina ba tare da an gaya masa haka ba, an ba shi amsar tambayar da sararin garinsu bai yi ba.

Abin da ya ƙara damuna shi ne an tsaya a kan Girkawa kamar su kaɗai suka taɓa ɗaga kai. Larabawan dā ba dabba suka gani ba. Makara suka gani. Huɗun nan su ne makarar, ukun kuma 'yan mata ne masu bin gawa, shi ya sa suke kiran rukunin Banatu Na'ashi. A labarinsu, an kashe mahaifin 'yan matan ne, kuma wanda ya kashe shi shi ne Jadyu, wato tauraron arewa. Suka ɗauki gawar suka rantse ba za su binne ta ba sai sun ɗau fansa. Shi ne kowane dare suke kewaya shi da makara a gabansu, ba su kai gare shi ba, ba su kuma haƙura ba. Suhailu, tauraron nan mai tsananin haske da muke gani can kudu da hunturu, yana cikin labarin: a wata ruwayar yana tahowa ne daga nesa don ya taimake su, a wata kuma shi ake zargi da kisan, abin da ya sa ya gudu kudu ya ƙi matsowa. Duk wanda ya karanta tarihin Jahiliyya, ya san yadda jini ɗaya kan jawo yaƙin shekaru tsakanin ƙabilu, zai gane dalilin da ya sa mutanen nan suka dubi sama suka ga gawar da ba a binne ba. Ni wannan labarin ya fi taɓa ni fiye da na Girkawa, kuma yaranmu za su fi saurin kama shi, don sun san makara, sun san rakiyar gawa.

A cikin 'yan matan uku, ta tsakiya tana riƙe da jariri. Ka dubi tauraron tsakiyar mariƙin da kyau a daren da ba wata, za ka ga wani ɗan ƙarami maƙale da shi. Larabawa suna kiransa Suha, suna gwada ƙarfin ido da shi, har suna da karin magana a kan mutumin da kake nuna masa abu mai wuyar gani shi kuma yana mayar da kai ga abin da kowa ya gani: ina nuna masa Suha, yana nuna mini wata. Babu abin da ɗalibaina suka fi so kamar wannan gwaji. Sai ka ji ana "na gan shi, Malam, na gan shi", wani kuma ya yi ta ƙifta ido bai gani ba. Ta haka na gano wasu yara da ke buƙatar tabarau, waɗanda ake ta yi wa faɗa a kan ba sa kwafar abin da ke allo daidai, alhali ba sa ganinsa ne.

Akwai kuma wani ɗan labarin Larabawan a ƙasan ludayin, a wurin da Girkawa suka ce ƙafafun dabbar ne. Taurari ne bibbiyu, wuri uku, a jere. Suka ce sawun barewa ne. Zaki, wanda rukuninsa ke kusa, ya kaɗa wutsiya, barewa ta firgita ta yi tsalle uku, kowane tsalle ta bar sawun kofato biyu. Duk wanda aka nuna masa sau ɗaya ba ya mantawa.

Mun san waɗannan ne saboda malaman Musulunci sun rubuta su, kuma wannan ina so ɗan'uwanmu mai wasiƙa ya lura da shi. Batlamus, masanin taurari wanda ya zauna a Iskandariyya ta Masar a ƙarni na 2, ya jera rukunan taurari 48 bisa tsarin Girkawa. Abdurrahman as-Sufi, wanda aka haifa a Rayyu ta ƙasar Farisa a 903 ya rasu a 986, ya ɗauki wannan aiki ya sake auna hasken taurarin da idonsa, ya gyara, ya fitar da littafinsa na siffofin taurari wajen shekarar 964. Ya zana dabbar Girkawa yadda suka siffanta ta, sannan ya kawo abin da Larabawan ƙauye suke cewa a kan taurarin. Bai bauta wa Ziyus ba don ya zana Kalisto. Ta hannun irinsa ilimin ya isa Turai, shi ya sa har yau sunayen bakwai ɗin a littattafan duniya na Larabci ne da harshen Turawa ya tanƙwara: Dubhe, Merak, Fekda, Megrez, Aliyot, Mizar da Alka'id. Na ƙarshen, shi ne jagoran 'yan matan makara. Ƙungiyar masana taurari ta duniya, wadda ta tsayar da rukunai 88 a 1922, ta tabbatar da waɗannan sunaye a hukumance a 2016.

Labari na uku shi ne na maƙwabtanmu, kuma shi na fara ji tun ban san akwai wata ƙasa Girka ba. Muna yara, Abzinawa kan sauka a bayan gari da rani da raƙumansu, ɗauke da gishirin Bilma da dabino, su koma da gero da tufafi. Akwai wani dattijo a cikinsu da ke sauka wurin mahaifina. Shi ya nuna mini bakwai ɗin ya ce taguwa ce, a harshensu Talamt, ukun nan dogon wuyanta ne. Ƙaramin rukunin da ke ƙasa da ita ɗanta ne. Tauraron arewa kuwa baiwa ce da aka ce ta riƙe ɗan taguwar don a samu a tatsi uwar. Wasu taurari a gefe taron mutane ne suna shawarar kashe ta, ita kuma ta ji, tsoro ya kama ta, ta daskare wuri ɗaya, shi ya sa ba ta motsi. Na girma na tarar wani matafiyi Bafaranshe, Henri Duveyrier, ya rubuta wannan labari a littafinsa na 1864 a kan Abzinawan arewacin Sahara. Ka duba nisan da ke tsakanin inda ya ji shi da bayan garin Daura, da shekarun da ke tsakani, amma labarin bai canza ba. Mutanen da ke ratsa Tenere daga Abzin zuwa Fashi da Bilma, inda ba dutse ba itace, madugu na gaba, ba su ɗauki taurari abin wasa ba. Labarin hanya ce ta sa yaro ya riƙe wanne ne ke tafiya, wanne ne ke tsaye. Kuma akwai tarihi a cikinsa da bai kamata a ɓoye ba: al'ummar da ta san bauta ce ta dubi sama ta ga baiwa a tsorace.

In ka jera ukun nan za ka ga tambaya ɗaya suke amsawa. Me ya sa wancan yake tsaye, waɗannan suke kewaya shi? Bagirke ya amsa da teku da kishi, Balarabe da fansar jini, Ba'abzine da taguwa da baiwa. Wasu ma sun ga nasu. Misirawan dā ƙafar gaba ta bijimi suka gani, mutanen Babila amalanke, Ingilishi garma, Indiyawa dattawa bakwai masu hikima. Wasu ƙabilun asali na arewacin Amurka su ma beyar suka gani, amma ukun nan a wurinsu mafarauta ne ke bin ta, abin da ya fi dacewa, tunda dabbar ba ta da doguwar wutsiya irin wadda Girkawa suka ba ta. Mutanen Sin suna kiransu Beidou, kuma wannan suna suka ba tsarin taurarin ɗan'adam nasu na nuna hanya, wanda suka kammala a 2020, wanda wayoyi da yawa da ke aljihunmu suke amfani da shi.

Yanzu ga ɗan'uwa mai wasiƙa. Malam, tsoronka yana da tushe. Akwai masu cin kuɗin mutane da sunan taurari, su ce tauraronka bai dace da na wance ba kada ka aure ta, ko kada ka yi tafiya ran kaza. Yanzu ma abin ya shigo waya, yaro ya sa ranar haihuwarsa a gaya masa abin da zai same shi a mako. Wannan ina tare da kai wajen ƙinsa. Hadisin Zaidu ɗan Khalid al-Juhani yana nan a Bukhari da Muslim, na safiyar Hudaibiyya bayan an yi ruwa da dare, inda aka bambanta wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarsa, da wanda ya ce tauraro kaza ne ya ba mu ruwa. Amma malamai sun raba ilimin taurari gida biyu. Akwai da'awar cewa suna da tasiri a kan abin da zai faru, wannan shi ne haramtacce. Akwai kuma sanin tafiyarsu don gane hanya da lokaci da alƙibla, wannan kuwa Alƙur'ani da kansa ya ambace shi cikin ni'imomi, a Suratul An'am aya ta 97 da Suratun Nahli aya ta 16. Imam Bukhari ya kawo maganar Ƙatada cewa an halicci taurari don abu uku: ado ga sama, abin jifan shaiɗanu, da alamomin da ake shiryuwa da su. Malamanmu na zaure ba su taɓa ƙyamar wannan ba. Su ne ke riƙe da lissafin taurari 28 na shekara, kowanne kwana 13 in ban da ɗaya mai 14, su Surayya da Dabaran da Zira'a da Nasara da Ɗarfa, har manomi ya zo ya tambayi wane tauraro ake ciki kafin ya yi shuka, yana sane da cewa ruwa na Allah ne.

Tatsuniya kuma, in an kira ta da sunanta, ba ta zama aƙida. Mun tashi da Gizo da Ƙoƙi, ba wanda ya girma yana jiran gizo-gizo ya yi masa magana. Abin da ya wajaba a kan jarida shi ne ta ce wannan ƙagen mutanen dā ne da ba su san dalili ba, sannan ta kawo dalilin. Yaron da ya san cewa al'ummu biyar sun dubi taurari guda sun ga abu biyar mabambanta, shi ne zai fi wuyar yaudara a hannun mai duba, don ya riga ya gane siffar a idon mai kallo take.

Kuma hakan ne a zahiri. Bakwai ɗin ba a wuri ɗaya suke ba. Biyar na tsakiya suna nesa da mu da tafiyar haske ta kimanin shekara 80, kuma tare suke tafiya a sarari, alamar asalinsu ɗaya. Na bakin ludayin, Dubhe, yana wajen 123, Alka'id kuma wajen 104, kuma su biyun hanyarsu dabam, don haka nan da dubban shekaru masu yawa siffar za ta wargaje. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Dattijo ɗan shekara 80 da ya dubi Mizar, tauraron tsakiyar mariƙin nan mai riƙe da Suha, a daren yau, hasken da ya shiga idonsa ya baro can ne wajen lokacin da aka haife shi. Ita Mizar ɗin ma ba ɗaya ba ce. Tun a 1617 masu madubin hangen nesa a Italiya suka ga biyu ce, daga baya aka gano kowanne daga biyun shi ma biyu ne, a 2009 kuma aka ga Suha ma yana da abokin tafiya. Abin da ido ke gani uwa da jariri, rana shida ne. A Disambar 1995 an juya madubin Hubble da ke sararin samaniya zuwa wani ɗan wuri a cikin wannan rukuni, wanda faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin wata ba, wurin da ake gani kamar ba komai. Aka yi kwana 10 ana ɗaukar hoto. Aka samu dandazon taurari kusan 3,000, kowane dandazo ɗauke da taurarin da ba sa ƙirguwa. Ban taɓa faɗa wa aji wannan ba face wani ya yi tasbihi ba tare da an ce ya yi ba.

Ga kuma amfani na yau da gobe, wanda shafinku ya tsallake gaba ɗaya. Taurari biyu na bakin ludayin, Merak da Dubhe, su ne manuniya. Ka ja layi daga na farko zuwa na biyu, ka zarce kamar ninki biyar na tazarar da ke tsakaninsu, za ka faɗa kan tauraron arewa. Ba shi da haske sosai, kada yaro ya nemi wani ƙaton abu. A nan ƙasarmu yana ƙasa-ƙasa: ka miƙe hannu ka dunƙule, tsawonsa daga ƙasa ya ɗan fi dunƙulen nan kaɗan. Hazon hunturu yana rufe shi, gini ko itace ma na iya tare shi, don haka lokacin da ya fi kyau shi ne bayan ruwan farko ya wanke ƙura. In ka same shi ka sami arewa. Alƙiblar wannan yanki namu tana wajen digiri 70 daga arewa zuwa gabas, wato ka sa shi a kafaɗarka ta hagu, ka fuskanci gabas, ka ɗan karkata hagu kaɗan. Direban da mota ta lalace masa a daji, ko makiyayi, ko ɗalibin da aka tura hidimar ƙasa wani ƙauye, duk wannan zai yi musu rana lokacin da cajin waya ya ƙare.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ku buga gyara a shafin da kuka yi kuskuren, da harshen da yara za su gane. Ku sake kawo rukunin a watan Afrilu, lokacin da yake sama bayan isha'i, ku faɗi ƙarfe nawa da kusurwar da za a duba, ku zaɓi makon ƙarshen watan Musulunci da wata ba ya fitowa da wuri. Ku sa labarin makara da na taguwa kusa da na Kalisto, kowanne da sunan mutanensa da ƙasarsa. Sannan ku tura wakilanku wurin tsofaffi tun suna raye: makiyaya a ruga, masunta a Yawuri da bakin tafkin Cadi, mafarauta, da sauran madugan da suka rage a Agadas. Muna da Kaza da 'Ya'yanta, muna da Zara matar wata, muna da Gamzaki, kuma abin da ke bakin waɗannan mutane da Hausa da Fulatanci da Barbarci ya fi haka yawa nesa. A rubuta shi da sunan garin da aka ji shi.

Ina da zanen da na yi amfani da shi a aji, na sararin arewa a tsakiyar Afrilu da ƙarfe tara na dare, wanda na daidaita da Kano da Katsina da Damagaram. In kuna buƙata zan aiko muku ta hannun wakilinku, ku buga shi kyauta.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
Daura, Jihar Katsina.